Darasin Wannan Wata: Rubuta wa Manya Wasiƙa, da Karanta Amsarsu

Duk inda muka zauna da magatakardan ƙungiyoyin gama kai, da wuya a tashi taro ba mu ji wannan kuka ba: "Mun rubuta wa Gwamna, har yau shiru." Wani ya ce Kwamishina suka rubuta wa, wani ya ce Sanata. Sa'ad da muka tambaya ina kwafin wasiƙar, sai a dubi juna. Wace rana aka kai ta? Wa ya karɓa? Ba mai iya faɗi.

Ba mu yi wa kowa dariya, gama mu ma mun taɓa yin haka. Wata shekara ruwan Agusta ya karya kwalbatin da ke kan hanyar wani ƙauye inda muke aiki tare da wata ƙungiya. Mota ta daina shiga. Da kaka ta yi, 'yan sari suka riƙa sa wa masara kuɗin da suka ga dama, domin sun san ba mai iya ɗaukar buhu a ka har kasuwa. Muka zauna da dattawan ƙungiya, muka rubuta wa Gwamna wasiƙa shafi huɗu. Shafin farko duk gaisuwa ne da kirari. A sauran muka zuba maganar kwalbati, da ta taki, da rufin makaranta da iska ta kware, da rijiya, da shanun da suka shiga gonaki. Muka ba wani ɗan gari da ke aiki a babban birnin jiha, ya ce ya san wani da ya san direban Gwamna. Ba mu riƙe kwafi ba. Damina ta sake zagayowa, kwalbati yana nan yadda ruwa ya bar shi, har yau kuwa ba mu san ko wasiƙar nan ta wuce aljihun ɗan aike ba.

Hanyar da wasiƙa take bi

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, babban mutum ba shi ne yake buɗe ambulan ba. Ko a Amurka haka ne. Shugaba Barack Obama, wanda ya yi mulki daga 2009 zuwa 2017, dubban wasiƙu ne suke zuwa masa kowace rana, amma guda 10 ma'aikatansa suke zaɓar masa ya karanta da dare. Sauran, ofis ne yake dubawa yana amsawa.

A ofisoshin gwamnati na ƙasarmu, wasiƙa takan fara sauka a ɗakin rajista. Akawu ya buga mata hatimi mai kwanan wata, ya rubuta ta cikin littafin takardun da suka shigo, sa'an nan ya nemi fayil ɗin da ya dace da maganarta ya sa ta ciki. Kowane fayil yana da lamba, yana kuma da magana ɗaya: na hanyoyi dabam, na taki dabam, na makarantu dabam. Daga nan fayil ya hau wurin Babban Sakatare, ya yi ɗan rubutu a kai ya tura wa Darakta, Darakta ya tura wa jami'in da aikin yake hannunsa. Wannan jami'i, wanda ba mu san ko sunansa ba, shi ne zai karanta wasiƙarmu daga farko har ƙarshe, ya rubuta shawara, fayil ya sake hawa sama. Sau da yawa babban mutum shawarar kawai yake karantawa, ya sa hannu.

To, ku duba wasiƙarmu ta shafi huɗu. Magana biyar ke cikinta. A wane fayil akawu zai sa ta? In ya sa ta cikin na hanyoyi, mai kula da taki ba zai gan ta ba har abada. In ya rasa inda zai sa, sai ya ajiye ta a gefe, abin da aka ajiye a gefe kuwa mun san ƙarshensa. Saboda haka wasiƙa ɗaya, magana ɗaya. In bukatunmu biyar ne, mu zauna mu zaɓi wadda ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, ko kuwa mu rubuta wasiƙa biyar.

Wa za mu rubuta wa?

Yawancinmu muna tsammani in ƙara girman mutum, in ƙara saurin biyan bukata. Ba haka ba ne. Wasiƙar da aka aika wa Shugaban Ƙasa a kan rijiyar ƙauye, in ta yi sa'a, za a gangaro da ita ne mataki mataki zuwa ofishin da ya kamata mu fara zuwa, bayan wata da watanni.

Tsarin Mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a Jadawali na Huɗu. Kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa suna cikinsu. An kuma ba ta hannu cikin makarantun firamare, da kiwon lafiya, da bunƙasa aikin gona. Kwalbatinmu, ashe, na Ciyaman ne da sashen ayyukansa, ofishin da keke ma yana kai mu. Maganar malaman gona, da rajistar ƙungiyoyin gama kai, da manyan hanyoyin jiha, waɗannan na Kwamishina ne da ma'aikatarsa. In hanya ko wani aikin gwamnati zai ci gonaki, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun Gwamna a kan amana, ta kuma ce a biya diyyar abin da ke kan fili, watau amfanin gona, da itatuwa, da gine-gine. A nan wasiƙa zuwa ma'aikatar filaye ta jiha ta dace, kuma a rubuta ta tun katafila ba ta shigo ba, tare da ƙidayar mangwaro da ɗorawa da kaɗanya na kowane mutum.

Ɗan majalisa ba shi da sashen ayyuka, ba shi da injiniya. Amma yana da abu biyu: bakinsa a lokacin da ake duba kasafin kuɗi, da ikon ajiye takardar koke a gaban majalisa, inda akwai kwamitin sauraron koke-koken jama'a mai iya kiran jami'i ya zo ya yi bayani. Mu roƙe shi abin da yake iyawa.

Kada kuma mu tsallake dagaci da hakimi. Ba su riƙe da kuɗin gwamnati, amma in Ciyaman ya tambayi hakimi labarin kwalbati, hakimi ya ce bai ji ba, wasiƙarmu ta mutu a nan. A kai masa kwafi da hannu, a gaishe shi yadda ya kamata.

Abin da za a sa a ciki

Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma ba ma cewa a yar da ladabi. A ba mutum sarautarsa daidai, a rubuta sunan ofishinsa daidai. Amma layi ɗaya ya isa gaisuwa. Jami'in da fayil 30 suke jiransa a kan tebur, kan magana yake nema. Ga misalin da muka tsara, lambobin da ke ciki na misali ne kawai, kowace ƙungiya ta sa nata:

Ƙungiyar Manoma ta Gama Kai,
(sunan ƙauye, da gunduma, da kwanan wata).

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma.

Ranka ya daɗe,

ROƘON GYARAN KWALBATIN HANYAR KASUWA

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu 'yan wannan ƙungiya, mutum 64, muna sanar da kai cewa ruwa ya karya kwalbatin rafin da ke kan hanyarmu ta kasuwa ran 12 ga Agusta. Tun daga ranar mota ba ta kai wa ƙauyuka uku, ga kaka ta matso. Muna roƙo ka aiko da injiniyan sashen ayyuka ya duba wurin kafin ƙarshen Oktoba, a kuma sa gyaran cikin kasafin kuɗin baɗi. Mu kuma mun ɗauki nauyin kawo yashi da dutse, da ba da hannu wajen haƙa. Ga hotuna biyu haɗe da wannan takarda. Za mu zo ofis bayan mako biyu mu ji inda aka kwana.

Mu ne naka masu biyayya,
Shugaba, Magatakarda, Ma'aji.
Kwafi zuwa ga Kansilan gunduma da Hakimi.

Ku lura, ba a ce "ka taimake mu" kawai ba. An faɗi abin da ake so a yi, da wanda zai yi, da lokacin yi. Ziyarar injiniya abu ne da Ciyaman zai iya ba da umarninsa yau ba tare da jiran kuɗi ba, kuma da zarar injiniya ya auna ya rubuta rahoto, maganarmu ta samu takarda ta biyu a cikin fayil, wadda ta fito daga hannun ɗan gida. Ku lura kuma an faɗi abin da ƙungiya za ta kawo. Mai zuwa da yashinsa ba a yi masa kallon maroƙi.

Kada mu ƙara gishiri. In gidaje 40 ne, kada mu ce 400. Ran da jami'i ya zo ya ƙirga, ƙaryar nan za ta bi duk wasiƙun da za mu rubuta nan gaba. Kada mu yi zagi, kada mu ɗora wa wani sata in ba mu da shaida a hannu, kada mu ambaci jam'iyya ko mu yi barazana da ƙuri'a, gama ƙungiyarmu ta haɗa mutanen jam'iyyu dabam dabam, kwalbati kuwa duk a kansa suke bi. Wasiƙa marar suna ba a amsa ta, don ba a san wanda za a amsa wa ba.

Aikin ofis da Turanci ake yi. Shawararmu ita ce a fara tsara wasiƙa da Hausa a gaban taro, kowa ya ji ya yarda, sa'an nan malamin makaranta ko wani amintacce ya juya ta da Turanci, a haɗa biyun a kai. Waɗanda ba su yi karatu ba su dangwala yatsa, amma sai an karanta musu tukuna. Akwai tsohuwar doka tun zamanin Turawa, mai kare marasa karatu, wadda ta ce mai rubuta wa wani takarda ya sa nasa suna da adireshi a jikinta. Mu bi ta, domin kada gobe wani ya ce an sa yatsansa a abin da bai sani ba.

Kai wasiƙa

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. A yi kwafi biyu. Mutum biyu su tafi ɗakin rajista, su miƙa ɗaya, su roƙi akawu ya buga hatimin karɓa a kan ɗayar, ya sa hannu da kwanan wata. Wannan mai hatimi ita ce dukiyarmu. A ɗauki hotonta a waya, ita kuma a sa ta cikin akwatin ƙungiya tare da littafin ma'aji. In ofishin yana da nisa, a aika ta gidan waya a matsayin wasiƙar rajista, a adana rasit. Miƙa wa babban mutum takarda a filin taro, cikin kiɗa da turereniya, yana da daɗin faɗi a gida, amma takardar takan ƙare a hannun ɗan sanda ko a kujerar mota.

Lokaci ma magana ne. Gwamnoni sukan kai kasafin kuɗi gaban majalisa a watannin ƙarshen shekara, ma'aikatu kuwa sun riga sun shirya nasu lissafi kafin nan. Wanda ya kawo roƙon rijiyar burtsatse a Janairu, mai yiwuwa ya jira shekara guda. Roƙon taki kuma da rani ake yinsa, ba bayan shuka ta tsiro ba.

In amsa ta zo

A Nuwamba 1982 wata yarinya 'yar shekara 10, Samantha Smith, daga jihar Maine ta Amurka, ta rubuta wa Yuri Andropov, sabon shugaban Tarayyar Sobiyet ta wancan lokaci, tana tambayarsa ko za a yi yaƙin nukiliya. Jaridar Pravda ta buga maganar wasiƙarta, amma ita ba ta samu amsa ba. Ba ta yi fushi ta zauna ba. Sai ta rubuta wa jakadan Sobiyet a Washington tana tambaya ko shugaban yana da niyyar amsawa. A Afrilu 1983 amsa ta zo, har da gayyata, a Yuli kuma ta yi mako biyu a ƙasar tare da iyayenta. Muna kawo wannan labari saboda abu biyu. Na ɗaya, wasiƙa ta biyu ce ta jawo amsar ta farko. Na biyu, amsar ta yi daɗi, duniya duka ta karanta, amma ba ta sauke makami ko ɗaya ba. Andropov ya rasu a 1984, yarjejeniyar kawar da makamai masu cin matsakaicin zango kuwa sai a 1987 aka sa mata hannu. Samun amsa dabam, samun aiki dabam.

Mun taɓa shiga ofishin wata ƙungiya muka ga wasiƙa mai tambarin gwamnati an sa ta cikin gilashi an rataye a bango. Muka karanta. Abin da ta ce shi ne, an umarci mai sa hannu ya sanar da su cewa takardarsu ta iso, ana kuma dubawa. Shekara uku ke nan tana bango. Sun ɗauke ta alkawari, alhali rasit ce kawai. Ba mu ce ba ta da amfani ba. Amfaninta yana can sama wajen hagu, inda aka rubuta lambar fayil, da can ƙasa, inda jami'i ya sa sunansa. Mai riƙe da lambar fayil ba ya shiga ofis yana cewa "mun taɓa kawo wata takarda." Yakan ce, "Ranka ya daɗe, fayil mai lamba kaza, a teburin wa yake yau?" Akawu ba shi da hanyar kauce wa wannan tambaya.

Ma'aikata suna da wasu haruffa uku da sukan rubuta a kan takarda, K.I.V., ma'anarsu a ajiye a riƙa tunawa. A gaskiya sau da yawa barci ke nan, sai in masu takarda sun dawo sun tashe ta.

Saboda haka in amsa ta zo, a karanta ta a gaban taro sau biyu, a juya ta da Hausa kalma kalma, a tambaya: me aka ce za a yi, wa zai yi, yaushe? In ba ko ɗaya cikin ukun nan, ba a yi mana alkawari ba tukuna. In an ce an tura maganarmu wani ofis, mu bi ta can da kwafin amsar a hannu. In kuwa an ƙi, kada ranmu ya ɓaci da sauri. Amsar da ta ce "babu kuɗi bana" ko "ba aikinmu ba ne" ta fi shiru sau goma, gama ta nuna mana ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, ko watan da za mu dawo. Kowace irin amsa ce, a rubuta godiya gajeriya, a maimaita a ciki abin da aka fahimta. Haka kuma in babban mutum ya yi alkawari da baki a wurin biki, washegari a rubuta masa godiya, a ambaci alkawarin da ranar da wurin, a kai rajista a buga hatimi. Ta haka maganar iska takan zama takarda.

Gargaɗi ɗaya: akwai macuta masu buga takarda da tambarin gwamnati, su ce an amince da tarakta ko rance, a biya kuɗin fom cikin asusun wani mutum. Kafin ma'aji ya fitar da ko kwabo, a ɗauki takardar a je ofishin da aka ce ta fito, a tambaya.

Masu karatun littafin Ezra za su tuna da sura 5 da 6, inda gwamna Tattenai ya rubuta wa sarki Dariyus yana tambaya ko da izini ake ginin Haikali. Aka bincika ɗakunan ajiyar takardu, aka sami umarnin da sarki Sairus ya bayar shekaru da yawa baya, aiki ya ci gaba. Sairus ya riga ya mutu a lokacin, takardarsa ce ta yi magana. Ciyaman yakan sauka, Kwamishina yakan canja, amma fayil yana nan, wanda ya gaji kujera kuma ya gaji abin da ke cikinsa.

In an yi shiru

Bayan mako biyu ko uku a koma da wasiƙar tuni, layi huɗu, a ambaci ranar ta farko, a haɗa kwafinta mai hatimi. In an yi tuni sau biyu ba labari, sai a hau mataki ɗaya sama, a haɗa duk kwafin, domin na sama ya ga ba tsallake muka yi ba.

Akwai kuma doka da manoma da yawa ba su san da ita ba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayu 2011. Ba ta tilasta a gina mana kwalbati, amma ta tilasta a amsa tambaya a kan takardun gwamnati. Muna iya tambaya a rubuce: an sa hanyarmu cikin kasafin kuɗi? Nawa aka ware? Wa aka ba kwangila? Buhun taki nawa aka rubuta wa gundumarmu? Ofis yana da kwana 7 ya amsa, yana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa, in kuma ya ƙi sai ya faɗi dalili a rubuce. Ba sai mun faɗi abin da ya sa muke tambaya ba, marar karatu kuma yana iya nema ta hannun wani. An daɗe ana gardama ko dokar ta shafi jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta shafe su. A ambaci sunan dokar a kan wasiƙa, domin akawu ya san kwanakin ƙidayayyu ne.

In jami'i ne ya danne hakki, kamar diyyar da aka amince aka ƙi biya, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammed. Tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan kuɗi. Amma tana so ta ga an fara bin hanyar ofis, ba ta karɓar maganar da ke gaban kotu, kuma a kai kuka kafin wata 12 su wuce. Tambayarta ta farko ita ce tamu ta ɗazu: ina kwafin wasiƙarku?

Game da kwalbatinmu, wasiƙa ta biyu shafi ɗaya ce, zuwa ga Ciyaman. Tuni biyu muka yi kafin injiniya ya zo da igiyar awo, gyaran kuma sai da rani na gaba aka yi shi, da yashinmu da dutsenmu.

A taronku na wannan wata, magatakarda ya fito da duk takardun da ƙungiya ta taɓa aikawa da waɗanda ta samu, a shimfiɗa su a kan tabarma. Nawa ne suke da hatimin karɓa? Wace amsa ce take da lambar fayil da ba a taɓa bi ba? Sa'an nan a zaɓi bukata ɗaya, a tsara wasiƙarta a gaban kowa, a rubuta cikin littafin taro sunayen mutum biyu da za su kai ta, da ranar da za su koma.